Mashi da Takobi a Bayan Doki: Koyon Yaƙin Barade a Ƙasar Kano



1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu da yammacin ranar Hawan Daushe ya ga abin da ake kira jahi. Mahaya su jeru sahu guda daga nesa, su saki dawaki a sukwane, su nufo Sarki kamar za su bi ta kansa. Sai ya rage 'yan taku kaɗan su ja linzami gaba ɗaya, dawaki su turje, ƙura ta tashi, su kuwa su ɗaga masu ko takubba ko dunƙulallen hannu su yi jinjina. 'Yan kallo su ɗauki sowa, a ce an yi gaisuwa.

Gaisuwa ce lalle. Amma wanda ya duba da idon basira zai ga akwai wani abu a ƙarƙashinta. Jera dawaki sahu ɗaya, da sakinsu tare, da tsai da su tare a wuri ɗaya alhali makami na hannun dama, darasi ne daga darussan yaƙi. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa yaƙi da mashi da takobi a bayan doki ilimi ne mai ka'idoji, wanda aka daɗe ana koyonsa a ƙasar Kano, kuma jahi shi ne guntun da ya saura a raye daga wannan ilimi. Kayan suna nan, akan fito da su a hawan Salla. Sanin yadda hannu ke sarrafa su shi ne ke shirin bin tsofaffi zuwa kabari.

2. Ƙasar da ta ciyar da doki

Kafin a kai ga makami, ya kamata a fara da ciki, domin doki ba ya sukuwa da yunwa. A nan ne ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano suka shigo cikin labarin. A ɗauki Bacirawa misali, wadda ke arewa maso yamma da birni ta wajen hanyar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. A yau gine-gine sun cinye yawancin gonakinta, har ta zama kamar unguwa daga unguwannin Kano. A da kuwa tana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura, ana nomawa kowace damina. Abin da ya sa ƙasar ba ta gajiya shi ne taki. Da rani jakuna su shiga birni da itace da hatsi da harawa, su fito da mangaloli cike da toka da kashin dabbobi.

Dokin yaƙi ingarma ne, a turke yake kwana cikin barga, ba a sakinsa kiwo. Dawa ake ba shi, da dusa, da harawar wake ko ta gyaɗa, da ɗanyar ciyawa, a jiƙa masa kanwa. Kowane doki yana bukatar mai yankan ciyawa da mai share barga. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano na iya fitar da dawaki 7,000. Mai sauraro ya auna da kansa yawan damman dawa da ƙunshin harawa da wannan adadi zai ci a shekara. Ashe ke nan ƙarfin barde daga fartanyar manomi ya faro.

Wannan yanki ya ga barade da idonsa. Fanisau, wadda ita ma ke cikin ƙasar Ungogo, nan ne Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya kafa sansani lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, wanda ya tayar masa daga wajen Dambatta. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano a 1824, can Fanisau ya je ya sadu da Sarki. Daga baya arewacin Kano ya sha hare-haren Maraɗawa, sa'an nan na Damagarawa a ƙarshen ƙarni na 19. Gidan Sarki na Fanisau shi ne ake nufa a Hawan Fanisau na Babbar Salla.

3. Kayan barde

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kananeji, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Watau fiye da shekara 600 ke nan da mahayan Kano suka fara rufe jikinsu don shiga daga.

Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga ko audugar rimi, a ɗinke ta gida-gida, a yi wa mahayi tasa, a yi wa doki tasa. Kibiya takan maƙale a ciki ba ta kai ga tsoka ba. Sulke kuwa riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙe, tana tare saran takobi. Kwalkwali shi ke tsare kai. Garkuwa ta fata ce, kuma mafi daraja ita ce ta fatar warwaji, irin wadda Buzaye ke riƙewa.

Mashi iri biyu ne bisa aikinsa: akwai na jifa, marar nauyi, wanda mahayi kan riƙe biyu ko uku, akwai kuma na suka, mai tsawo, wanda ba ya barin hannu. Asigiri shi ne wanda aka ƙera da ƙarfe tun daga tsini har gindi. Takobin ƙasar Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ana rataya shi a kafaɗa da hamila. Barth ya ce a zamaninsa ana shigo da ruwan takubba kimanin 50,000 Kano kowace shekara ta hanyar hamada, galibinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, a nan kuma a yi musu ƙota da kube, a sayar da su har ƙasashe masu nisa. Maƙera da dukawa da maɗinka duk suna da hannu a cikin shirin barde guda.

Amma kayan da suka fi kowanne muhimmanci ga wannan bayani su ne sirdi da likkafa da linzami. Sirdin Hausa yana da tudu gaba da baya, yana riƙe mahayi kamar akwati, don kada ƙarfin karo ya tumɓuke shi. Likkafa mai faɗi ce, tana ɗaukar tafin ƙafa duka, har mutum ya iya miƙewa tsaye a kanta ya kai sara. Linzami kuwa mai tsanani ne, yana da zobe da ke kewaye haɓar doki ta ƙasa, ja kaɗan ya isa ya sa ingarma ya turje. Da waɗannan uku aka gina salon faɗan baki ɗaya, watau a zo da gudu, a tsaya cak, a juya nan take.

4. Yadda ake koyo

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Koyon yakan soma tun yaro bai san koyo yake yi ba. Bayan an girbe dawa, yaran karkara sukan yanki kara su yi dokin kara, su riƙe wani karan a matsayin mashi, su yi ta sukuwa a kan ƙafafunsu. Ga ɗan talaka wasan a nan yakan tsaya, sai fa ya koma ga baka da kibiya ko sanda. Ga ɗan sarauta da yaran gidan sarauta, da bayin Sarki da ke ƙarƙashin irin su Shamaki, mataki na gaba shi ne barga. Yaro ya yi shara, ya kai doki ruwa, ya koyi ɗaura sirdi da ɗaure majayi, ya san halin dabbar tun kafin ya hau ta. Daga nan sai kilisa da yamma, sai sukuwa, sai farauta, inda mutum kan fara jifan abin da ke gudu alhali shi ma yana gudu. Gwaji na ƙarshe shi ne bin ubangida zuwa hari da rani, bayan an kawar da amfanin gona, hanyoyi sun bushe.

To, mene ne ainihin abin da ake koya? Ana iya kasa shi huɗu.

Na farko, zama. Hannun hagu yana riƙe da linzami, sau da yawa har da garkuwa, na dama kuwa na makami ne. Saboda haka rabin umurnin da doki ke karɓa daga cinya da dunduniya yake fitowa. Wanda bai iya juya doki da ƙafa ba, bai isa a ba shi mashi ba.

Na biyu, awon tazara da lokaci. Ƙarfin suka daga gudun doki yake zuwa, dantse saiti kawai yake yi. In mahayi ya yi gaggawar miƙa mashi, abokin gaba ya gani ya kauce. In ya makara, doki ya riga ya wuce da shi. In kuwa mashin ya kafe bai iya zare shi ko sakinsa ba, shi ne zai fizgo shi daga kan sirdi.

Na uku, zaɓen gefe. Mai riƙe makami da dama yana son abokin karawarsa ya kasance a damansa, inda hannu ke kaiwa ba tare da ƙetare wuyan doki ba. Wuri mafi hatsari gare shi shi ne bayansa ta hagu. Don haka faɗan mahaya biyu yakan zama kewaye-kewaye, kowa na neman ya faɗo wa ɗan'uwansa ta wannan kusurwa. A nan ne amfanin linzami mai tsanani yake bayyana. Haka kuma mai sara da takobi dole ya koyi bi da kaifi ta gefen doki, in ba haka ba kunnen dokinsa ko wuyansa zai fara sara.

Na huɗu, tafiya cikin sahu. Doki ɗaya a fage gudu gare shi, in ji masu iya magana, amma yaƙi ba na doki ɗaya ba ne. Ingarmu ba sa son juna, suna cizo suna harbi. Sai an saba musu da tsayawa kafaɗa da kafaɗa, da jin tambari da kakaki da ƙarar bindiga ba tare da sun firgita ba. Shi ma dokin ɗalibi ne. Wannan darasi na huɗu shi ne wanda ake gani ƙarara a cikin jahi, kuma hawan Salla shi ne ranar da Sarki kan ga dawakin kowane hakimi da idonsa, ya san wanda ya shirya da wanda ya yi sake.

5. A fagen daga

Sunayen sarautu kansu shaida ne. Madaki daga madawaki aka samo shi, watau shugaban mahaya. Ga Sarkin Dawaki Mai Tuta, ga Sarkin Dawakin Tsakar Gida, ga Barde, ga Jarmai. In an ja daga, 'yan baka da dakaru sukan fara taɓa abokan gaba, 'yan lifida su dunƙule su fasa sahu, barade masu sauƙin kaya su bi ta gefe su kori waɗanda suka watse.

Sai dai kowane shiri yana da lagonsa. Clapperton ya ga 'yan lifidan rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin da aka kai wa Gobirawa a 1826, ya kuma bayyana cewa saboda nauyin kayan sai an ɗora mahayi a kan dokinsa. Wanda aka kayar daga cikinsu da wuya ya tashi shi kaɗai. Lifidi yana tsoron wuta, doki yana gajiya da shi cikin zafin rana. Bugu da ƙari, doki ba ya hawa ganuwa, ba ya sakewa cikin sarƙaƙiya ko duwatsu, kuma ba ya daɗewa a ƙasar da ke da ƙudan tsando.

Babban darasi a kan wannan ya zo ne a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804, inda Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu 'yan kaɗan, amma suka yi galaba. Duk da haka, da daular ta kafu, ita ma ga doki ta koma, domin ba a tsare ƙasa mai faɗi da ƙafa.

Akwai wata gaskiya da bai kamata a tsallake ta ba. Dokin da ya tsare manomin wannan gari shi ne ya kori manomin wancan. Yawancin aikin barade hari ne, kuma ganimar hari mutane ne. An sayi dawaki da bayi, an kuma kamo bayi da dawaki. Mutumin karkara da ya hangi ƙura daga nesa, gudu yake yi ya shige ganuwa mafi kusa da iyalinsa. Mai nazarin wannan ilimi wajibi ne ya riƙe bajinta a hannu ɗaya, ya riƙe wannan a ɗaya hannun.

6. Ranar da mashi ya gaza

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin nan ya ambaci shigowarta a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga. Amma bindigar ɗuri ce, kafin a sake ɗura ta mahayi ya iso. Wadda Turawa suka zo da ita daban ce.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato da yawancin baradensa. A ƙarshen wannan wata, kusa da Kwatarkwashi, wani sashe na rundunar Kano a ƙarƙashin Waziri Ahmadu ya haɗu da ƙaramar ƙungiyar soja da ba ta kai mutum 50 ba, wadda Laftana Wallace Wright ke jagoranta. Sojan suka tsaya murabba'i, suna fuskantar kowace kusurwa. Baraden Kano suka yi abin da aka koya musu tun suna yara: suka jeru, suka sako dawaki, aka zubar da su, suka sake jeruwa suka sake sakowa. Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato, inda bindiga mai jigida ta yi ɓarna. Ba rashin gwaninta ko rashin zuciya ne ya kayar da su ba. Tazarar nan da barde ya ƙware wajen cinyewa a sukwane ita ce harsashi ya mayar kushewa.

Daga nan doki ya bar fagen fama ya koma fagen biki. Turawa suka shigo da daba irin wadda suka saba yi a Indiya, aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka sake yin gagarumar daba a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. A Katsina, gwanintar hawa ta sami wata mafita a wasan folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

7. Abin da wasu al'ummu suka yi

Ba ƙasar Hausa kaɗai ce bindiga ta raba da yaƙin doki ba. A Masar, Mamalik sun mayar da hawa da suka ilimi mai suna furusiyya, suka rubuta littattafai a kansa, irin na Hasan al-Rammah na ƙarshen ƙarni na 13, Sarkinsu Baibars kuma ya gina filin atisaye a Alƙahira. A Turai, Fiore dei Liberi na Italiya ya bar littafi mai zane-zane a farkon ƙarni na 15, har da babin faɗa a kan doki, Sarki Duarte na Fotugal, wanda ya rasu a 1438, shi ma ya rubuta nasa a kan zaman sirdi da riƙon mashi. Da irin waɗannan littattafai ne masu sha'awa a Turai da Amurka suka farfaɗo da wasan, da makamai marasa kaifi da kayan tsare jiki. Turkawa suna wasan jirit, inda mahaya ke jifan juna da sanduna, musamman a wajen Erzurum. Mutanen Maroko suna da taburida, sukuwar sahu da harba bindiga tare, wadda ta yi kama da jahi ƙwarai, UNESCO kuma ta karɓe ta a 2021.

A nan ne bambanci yake. Littattafai irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi Ɗanfodiyo sun adana labarin yaƙoƙi, wa ya fita, ina aka haɗu, wa ya yi nasara. Sarrafa hannu kuwa a barga da fage aka koyar da shi, daga baki zuwa kunne, daga ubangida zuwa yaronsa. Ilimin da ke zaune a jiki, in an daina aikata shi tsawon zamani biyu ko uku, shi ke nan ya tafi.

8. Kammalawa

Mutanen da suka riƙe mashi a 1903 duk sun riga mu gidan gaskiya, yawancin 'ya'yansu ma haka. Abin da ya rage yana hannun jikoki da tattaɓa-kunne: tsofaffin 'yan lifida da 'yan sulke na fada, da zagage, da masu horon dawaki, da maɗinkan sirdi, da maƙeran linzami, da maroƙan da suka haddace kirarin mazan jiya. Ga kuma kayan da ke ajiye a Gidan Makama da gidajen hakimai. Filayen kilisa na bayan gari, irin waɗanda ke wajen Bacirawa a da, an yanka su fuloti. A 2020 annobar korona ta hana hawa, aka kuwa ga yadda shekara ke iya wucewa matashi bai jera dokinsa cikin sahu ba.

Saboda haka akwai aiki uku a gaban jami'a da masarauta. Na ɗaya, a bi waɗannan dattawa da na'urar ɗaukar magana da ta hoto, a sa su nuna da hannunsu yadda aka nuna musu, a rubuta sunan kowane motsi da kowane kaya da Hausar da suke kiransa. Na biyu, a auna kayan da ke ajiye, a san nauyin lifidi da tsawon asigiri, a ɗinka irinsu a gwada a kan doki, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Na uku, a keɓe fili a koya wa matasa masu sha'awar kilisa, da sanduna marasa tsini da ƙa'idojin tsare rai, nasu da na 'yan kallo da na dabbar. Matashin da ya san dalilin da ya sa ake jan linzami a inda ake ja, ba zai saki doki cikin taron mutane a kan kwalta ba.

Babu mai fatan komawar zamanin hari. Abin da ake nema shi ne, ranar da ƙura ta sake tashi a Ƙofar Kudu, mahayin da ya ɗaga mashi ya san abin da hannunsa ke faɗi, ɗan kallo kuma ya tuna da manomin da ya noma dawar.